Tambaya da Amsa: Wai da me Baharain take cin abinci?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan fitowar saƙonnin da suka shigo da yawansu kan Baharain suka tsaya, daga masu tuƙa mota zuwa can, da ɗalibai, har da iyaye mata da ƴaƴansu ke son tsallakawa neman aiki, shi yasa na haɗa su wuri guda. Masu tambayoyin iƙama (takardar izinin zama a Saudiyya) da canjin kafili (uban gidan da ya ɗauki nauyin ma'aikaci) ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni direban gida ne a Khubar ta Saudiyya, kusan duk Alhamis da yamma sai na kai iyalin kafilina Baharain, wani lokacin mu daɗe a kan kubri, gadar da ta haɗa Saudiyya da Baharain, saboda cunkoso har yara su yi barci. Abin da ke ɗaure min kai ƙasar nan ƴar mitsitsiya ce, kafin ka ƙure gudu ka iso bakin ruwa, ba gona ba kogi, kuma ance fetur ɗinsu ya kusa ƙarewa, amma ga dogayen benaye ga bankuna kuma dinarinsu ɗaya riyal goma ne. Wai da me suke cin abinci? Daga wani direba, Khubar.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Ai rabin amsarka kana cikinta duk Alhamis, wato wannan layin motocin, amma bari mu faro daga baya.

Ƙasar gaba ɗayanta ba ta kai murabba'in kilomita 800 ba, shi ma wani ɓangaren teku aka cike da yashi aka samu fili, mutanen ciki wajen miliyan ɗaya da rabi ne kuma fiye da rabinsu baƙi ne irinmu, Indiyawa da ƴan Bangaladash da Pakistan da Filifin. Kafin fetur sana'arsu lu'ulu'u ce. In zafi ya shigo, daga wajen Yuni har Satumba, jiragen katako sai su bar Muharraƙ su shiga teku su yi kusan wata huɗu, mai nutso ya matse hancinsa da wani ɗan abu da ake sassaƙawa daga ƙoƙon kunkuru, ya saƙala ƙafarsa a igiya mai dutse don ya sauka da sauri, kwando rataye a wuya, ya tsinci kwanson da lu'ulu'un ke ciki da numfashi ɗaya, in ya ji ƙirjinsa zai fashe ya ja igiya abokinsa na sama ya janyo shi, haka za a wuni ana yi. Kuma yawancinsu ba sa fita daga bashi, don mai jirgi yana ba su kuɗi tun kafin a tashi su bar wa iyali, in kakar ba ta yi kyau ba sai bashin ya hau na baɗi, har ɗa ya gaji na ubansa. Da yawa cikin masu nutson nan baƙar fata ne ƴan asalin Afirka, wasu bayi wasu ƴantattu. Kuɗin kuwa yana wajen fatake masu kai kaya Bombai, daga can ya wuce Faris da Landan, har Jacques Cartier mai kayan ado ya zo Baharain da kansa a 1912 neman lu'ulu'u.

Sai Japanawa suka gano yadda ake kiwon lu'ulu'u a cikin ruwa kamar yadda ake kiwon kifi, ya fito da yawa da araha, ga kuma karyewar kasuwannin duniya ta 1929, masu sayen kayan ado suka tsiyace. Sana'ar da ta riƙe tsibirin ɗaruruwan shekaru ta durƙushe cikin ƴan shekaru. Allah da ikonsa a 1932 aka haƙo fetur a Jabalud Dukhan, su ne na farko a wannan ɓangaren na Larabawan Gulf, don rijiyar Damam mai lamba 7 da ta buɗe wa Saudiyya arziki sai a 1938 ta ba da mai. To amma nasu ɗan kaɗan ne, rijiyoyin cikin tsibirin yanzu abin da suke bayarwa wajen ganga dubu 40 ne a rana, alhali Saudiyya miliyan 9 zuwa 10 ake magana. Wannan ƙarancin shi ya tashe su daga barci da wuri, tun maƙwabta suna ganin fetur ba zai taɓa ƙarewa ba su suna neman wata ƙofa.

Abin da suka fara yi shi ne tace man wasu. Matatar Sitra tun 1936 take, kuma yawancin ɗanyen man da take tacewa na Saudiyya ne, ta bututu yake zuwa ta ƙarƙashin teku, an ma shimfiɗa sabo a 2018 daga Abƙaiƙ mai ɗaukar ganga dubu 350 a rana. Sannan akwai rijiyar Abu Safa da ke cikin teku tsakanin ƙasashen biyu, kamfanin man Saudiyya Aramco ke haƙowa wajen ganga dubu 300 a rana, rabi na Baharain ne, kaga kenan abin da suke samu a Abu Safa ya ninka na cikin gidansu fiye da sau uku. A 1971, shekarar da suka samu ƴanci daga Ingila, kamfanin Alba ya fara narka alminiyam, su ba su da ma'adinin, daga Ostireliya ake kawo garinsa a jirgin ruwa, abin da suke da shi iskar gas ce mai araha da za ta ba da wutar narkawa, yau Alba na fitar da sama da tan miliyan ɗaya da rabi a shekara, yana cikin manya a duniya. Akwai wajen gyaran manyan jiragen ruwa a Hidd tun 1977. Sai bankuna, zan yi bayaninsu a tambaya ta gaba, su ne yanzu suka kai wajen kashi 17 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasar, sun ma kamo fetur.

Sai kubrin Sarki Fahad da kake bi, kilomita 25, an buɗe shi a Nuwamban 1986 kuma Saudiyya ce ta biya kuɗin gininsa. Kafin korona baƙin da ke shiga Baharain a shekara sun haura miliyan 10, mafi yawansu ta wannan kubrin. Ka lissafa ɗakin funduƙ wato otal, abinci, sayayya a mol, kuɗin silima, kuɗin asibiti, duk riyal ne yake tsallakawa. Shekara 35 ba silima a Saudiyya sai a 2018 aka dawo da ita, mata ba sa tuƙi sai a shekarar, duk wanda ke son waɗannan sai ya haye. Kuma ba sai mun yi wa juna ɓoye-ɓoye ba, akwai masu hayewa don abin da doka ta hana a nan ta bari a can, kai da kake tuƙi da daddare ka fi ni sanin irin motocin da ke dawowa suna tangaɗi, Allah ya shirya. Amma iyalai masu zuwa shan iska su ma ba kaɗan ba ne. Daga 2004 kuma suka ƙara da tseren mota na Formula 1 a Sakhir, su ne na farko a Gabas ta Tsakiya.

To in ka haɗa duka za ka ga Baharain kamar mai shago ne a ƙofar gidan attajiri, abin da babu a cikin gidan shi yake kasawa, kuma cinikinsa na tafiya ne gwargwadon yadda ƴan gidan ke fitowa. Bututun daga Saudiyya, Abu Safa da Saudiyya, masu cika otal daga Saudiyya, babban kaso na kuɗin da bankunan ke juyawa ma daga nan ne. Dabara ce babba ba ƙarama ba, ni dai ina yaba musu, sai dai wanda ya ga benayen Manama, babban birninsu, ya ɗauka ƙasar na tsaye da ƙafarta ita kaɗai bai duba da kyau ba.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne a Madina ina karanta fiƙihun mu'amala. Duk littafin bankin Musulunci da muka buɗe sai mun ga sunan Baharain, me ya kai abin can bai zauna Makka ko Alƙahira ba? Sannan wani abokina ya ce min bankunan can wajen ɓoye kuɗin sata ne kawai irin na tsibiran Turawa, gaskiya ne? Daga wani ɗalibi, Madina.

AMSA: Allah ya ba da ilimi mai amfani malam ɗalibi. Abin ya faro ne daga 1973 lokacin da farashin fetur ya ninka kusan sau huɗu, kuɗi suka yi wa ƙasashen Gulf yawa ba su da isassun bankunan da za su juya su. A lokacin Bairut ce cibiyar bankunan Larabawa, sai yaƙin basasar Labanon ya ɓarke a 1975, ma'aikatan banki suka fara neman inda za su koma. A wannan shekarar ce hukumar kuɗin Baharain ta fito da wani irin lasisi, ta ce wa bankunan duniya ku zo ku buɗe reshe a Manama ba haraji, sharaɗin kawai kada ku shiga kasuwar cikin gida, ku yi hulɗa da gwamnatoci da kamfanonin waje da dala da sauran kuɗaɗen ƙetare. Saudiyya kuma a daidai lokacin tana tilasta wa bankunan waje su sayar da mafi yawan hannun jarinsu ga ƴan ƙasa, shi ya haifar da bankunan SABB a 1978 da Samba a 1980, to wanda ke son cinikin Saudiyya ba ya son wannan sharaɗin sai ya zauna Manama, tafiyar ƴan mintuna a jirgi. Ga turanci, ga waya mai kyau, ga lokacinsu ya faɗo tsakanin tashin kasuwar Singafo da buɗewar ta Landan. Haka aka samu su Gulf International Bank a 1975 da Arab Banking Corporation a 1980 da Investcorp a 1982. Yau dukiyar da ke cikin littattafan bankunan ƙasar ta haura dala biliyan 200, alhali duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara biliyan 40 da wani abu ne.

Bankin Musulunci kuwa ba su suka fara ba, na Dubai ya riga su a 1975, Bankin Faisal na Sudan 1977, nasu sai 1979. Inda suka sha gaban kowa shi ne wajen rubuta ƙa'ida. A 1991 aka yi wa hukumar AAOIFI rajista a Manama, aikinta ta zauna da malamai da akantoci su fayyace yadda za a yi murabaha da ijara da salam da musharaka, wato nau'o'in ciniki da haya da haɗin jari na shari'a, a banki na zamani, da yadda za a rubuta su a littafin lissafi, ƙa'idojin shari'ar da ta fitar sun haura 50, kuma ƙasashe irin su Sudan suna aiki da su. A 2001 gwamnatin Baharain ta fara fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci da ake tara kuɗi da su ba ruwa, tana cikin gwamnatocin farko da suka yi haka, shekara 16 kafin Najeriya ta fitar da nata na naira biliyan 100 a 2017 wanda aka yi tituna da shi. Tunda kai ɗalibin fiƙihu ne ka nemi abin da ya faru a 2007, lokacin da Sheikh Taƙi Usmani, shugaban majalisar malaman hukumar, ya fito ya ce yawancin sukuk ɗin musharaka da mudaraba da ke kasuwa ba su cika sharaɗi ba, saboda ana yi wa mai zuba kuɗi alkawarin mayar masa da uwar kuɗinsa cif ko an ci riba ko an faɗi, wanda in ka cire masa rawani bashi ne da ruwa. Kasuwa ta girgiza, a farkon 2008 hukumar ta fitar da bayani ta gyara. Ni a wajena wannan ya fi duk wani dogon bene daraja, a samu inda malami zai taka wa masu kuɗi burki kuma a saurare shi.

Maganar abokinka kuma ya yi saurin yanke hukunci. Bankunan Manama ma'aikata ne a ciki da ofis da babban banki mai bincike, sun sha bamban da tsibiran da za ka ga kamfani dubu a akwatin gidan waya ɗaya, kuma ƙasar ta shiga yarjejeniyar musayar bayanan asusu da sauran ƙasashe. Amma ba a ce ba a taɓa yin ɓarna ba. A 2009 bankuna biyu masu rajista a can, Awal Bank da TIBC, mallakar wasu manyan gidajen kasuwanci biyu na Khubar, suka kasa biyan bashi, babban bankin ya karɓe su, bankunan duniya suka bi biliyoyin dala a kotuna sama da shekara goma. Rashin harajin ma ya fara zama tarihi, daga Janairun 2025 manyan kamfanonin duniya masu cinikin da ya kai yuro miliyan 750 a shekara suna biyan kashi 15.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ɗana ne haifaffen nan Makka, yana shugul a wani maɗ'am, wato gidan abinci, a Jidda ratibinsa, wato albashinsa, riyal 1,800 da wajen kwana. Yanzu wani ɗan hanya ya ce zai samo masa aikin funduƙ a Manama dinari 170, wai kuɗin can ya fi ƙarfi, amma sai mun ba da riyal dubu shida kuma ya fara shiga da bizar ziyara. Yaron ya tada hankalinsa ya hana ni sakat. Me za ka ce? Daga wata uwa, Shara Mansur, Makka.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya raya mana su. Ranki ya daɗe ki zaunar da shi ku yi lissafin tare a takarda, dinari 170 riyal 1,700 ne, wato ƙasa da abin da yake ɗauka yanzu, kuma ba a ce miki da wajen kwana ba. Nauyin dinari a canji ba ya ƙara wa albashi albarka, don shinkafa da haya su ma da dinarin ake biyansu, kuma babu dokar mafi ƙarancin albashi ga baƙin ma'aikata a can, abin da aka rubuta a kwantiragi shi ne. Hangen Dala ba shiga birni ba.

Abin da ya fi damuna ma bizar ziyarar nan ce. Mai ba da aiki na gaskiya shi ke nema wa ma'aikaci izini a LMRA, hukumar da ke kula da ma'aikata baƙi a Baharain, da sunan kamfanin da sunan yaron, kuma ana iya dubawa a shafin hukumar kafin a ba kowa ko kwabo. Aiki da bizar ziyara laifi ne, in aka kama tarhil ne, wato a kore shi daga ƙasar. A da akwai wani izini da suka fito da shi a 2017 wanda mutum zai zauna ba kafili yana biyan kuɗi duk wata yana aikin da ya samu, ƴan hanya har yanzu suna yaudarar mutane da labarinsa, to an soke shi tun 2022. Sannan ki tuna shi haifaffen nan ne, iƙamar nan da ke hannunsa kin fi kowa sanin wahalar da aka sha kafin ta samu, in ya yi khuruj niha'i, wato bizar fita ba dawowa, ya fita ta tafi kenan, in abin ya ƙi a can ba Makka za a dawo da shi ba, ƙasar da ke jikin fasfonsa za a kai shi, wadda wataƙila bai taɓa takawa ba.

Shi kuma aikin otal a ƙasar da ke jiran baƙi yana da nasa hali. Lokacin korona an rufe kubri daga Maris 2020 har 17 ga Mayun 2021, otal-otal da gidajen abinci suka zama kufai, gwamnati ta biya wa ƴan ƙasa albashi na wasu watanni, baƙi kuwa da yawa aka sallama ko aka rage musu. A 2011 ma da aka yi zanga-zanga an soke tseren motar shekarar baƙi suka ɗauke ƙafa. In har yaron yana son harkar otal ne da gaske, ai ga Makka cike da su ga sababbi ana ginawa, ya koyi turanci da aikin risefshan ko kicin ya samu takarda, in ya ƙware wata rana otal ɗin Manaman da kansa zai aiko masa biza ba tare da kin sayar da sarƙarki ba.

TAMBAYA: Ina da ƴan dinarai da nake ajiyewa saboda ina sayo turare da halawa a Manama ina kawowa Riyad. Wani ya ce min bashi ya yi wa ƙasar katutu dinarin zai iya faɗuwa kamar fam ɗin Sudan ko naira. In canza su? Daga wani ɗan kasuwa, Batha, Riyad.

AMSA: Alhaji maganar bashin gaskiya ce. Abin mamakin Baharain shi ne fetur bai kai kashi ɗaya cikin biyar na tattalin arzikinta ba amma shi ke kawo fiye da rabin kuɗin da gwamnati ke kashewa, saboda bankunan da otal-otal ɗin da aka jawo da alkawarin ba haraji, to yawancinsu ba harajin riba suke biya ba, albashin mutane ma ba a cire masa komai. Da farashin ganga ya faɗi a 2014 sai giɓi ya buɗe, aka cire tallafin nama a 2015 aka ƙara kuɗin fetur a 2016, duk da haka bai isa ba aka yi ta ciwo bashi, yanzu ya haura duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara, kuma sai ganga ta wuce dala 100 kafin kasafinsu ya daidaita. A 2018 abin ya kai masu canji sun fara cacar dinari zai karye, sai Saudiyya da Kuwait da Imarat suka haɗa musu dala biliyan 10 da sharaɗin su tsuke bakin aljihu, daga nan aka kawo harajin kaya kashi 5 a 2019 aka mayar da shi 10 a 2022, har yanzu dai bai kai 15 ɗin da muke biya a nan ba.

Dinarin a ɗaure yake da dala, fils 376 duk dala ɗaya (fils dubu ne dinari ɗaya), sama da shekara 40 bai motsa ba, riyal kuma 3.75, shi ya sa lissafin ɗaya da goma ke fita. A nawa ganin maƙwabta ba za su bari ya karye ba, ba don tsabar zumunci ba, don in na Baharain ya tsinke gobe idon masu caca kan riyal ɗin Oman da na Saudiyya zai koma. Amma kai ɗan kasuwa ne, tunda shagunan Manama suna karɓar riyal hannu bibbiyu, me zai sa ka tara dinari fiye da na cinikin tafiya ɗaya? Ajiye riyal ɗinka, ba ka rasa komai ba.

TAMBAYA: Yanzu da Saudiyya ta buɗe silima da wasannin Mausim Riyad da tseren mota a Jidda, ba shi kenan kasuwar Baharain ta mutu ba? Kuma haka sauran ƙananan tsibirai suke rayuwa? Daga wata malamar makaranta, Jidda.

AMSA: Malama wannan ita ce tambayar da ke hana masu mulkin Manama barci. Ta ɓangaren banki ma tun 2004 Dubai ta buɗe unguwar hada-hadar kuɗinta mai kotunanta na kanta ta janye manyan bankuna da yawa, ga Doha ga Abu Dabi, sannan daga Janairun 2024 Saudiyya ta ce kamfanin wajen da bai kawo hedikwatarsa ta yankin cikin ƙasar ba ba zai samu kwangilar gwamnati ba, wato dai tsohon tsarin nan na ka kwana Manama ka yi ciniki a Riyad ana toshe shi. Amma mutuwa tukuna. Mutumin Damam ko Khubar ko Ƙaɗif har gobe Manama ta fi masa Riyad kusa nesa ba kusa ba, hayar ofis da albashi sun fi na Dubai sauƙi, kuma ƴan ƙasar da kansu suna aiki, za ki ga Bahraini a kan kanta a banki ko yana tuƙa tasi, abin da ba kasafai ake gani a Ƙatar ko Imarat ba. Sun kuma koma neman sababbin abubuwa, Amazon ta buɗe rumbunan ajiyar bayananta na farko a yankin a can a 2019, ga sabon ginin filin jirgi a 2021, ga iƙamar zinare ta masu kuɗi a 2022. Ko za su isa su cike gurbin, ni ina da shakka, ribar kowane ɗaya ƙarama ce in aka gwada da nauyin bashin.

Sauran tsibiran kowa da irin nasa. Morishiyas da ke tekun Indiya ta samu ƴanci a 1968 ba ta da komai sai rake, ta ƙara da masaƙu, ta ƙara da otal-otal na bakin ruwa, daga baya ta zama mashigar kuɗin da ke tafiya Indiya da Afirka saboda yarjejeniyar haraji da ta ƙulla da Indiya a farkon shekarun 1980, to ranar da Indiya ta sake yarjejeniyar a 2016 wannan cinikin ya ragu, a 2020 kuma aka sa ta jerin ƙasashen da ake sa wa ido kan wanke kuɗin haram sai da ta gyara dokokinta aka cire ta a 2021. Maldib kuwa kusan yawon buɗe ido kaɗai ta riƙe tun da aka buɗe wurin shaƙatawa na farko a 1972, shi ya sa a shekarar korona tattalin arzikinta ya zube da kusan kashi ɗaya cikin uku, na Morishiyas wajen kashi 15, na Baharain bai kai kashi 10 ba don tana da alminiyam da matata da kuma maƙwabcin da zai tallafa.

TAMBAYA: Ina so in kai iyali yini ɗaya ba mol ba, ina za mu? Daga wani magidanci, Jubail.

AMSA: Ku fara da Ƙal'atul Baharain, tsohuwar ganuwa a bakin teku da aka gina kan kufan mutanen tsohuwar daular Dilmun na shekara dubu huɗu, daga nan ku wuce Muharraƙ ku bi hanyar lu'ulu'u da ta ratsa gidajen fatake da na masu nutso, UNESCO ta sa ta a jerinta a 2012, a unguwar za ku samu halawar da ake tuƙawa a manyan tukwane ku saya da zafinta. Azahar a masallacin Al-Fatih, la'asar a kasuwar Babul Baharain, in uwargida ta ƙyalla ido kan lu'ulu'u ka sani dokar ƙasar ta hana sayar da na kiwo, don haka farashin ba na wasa ba ne, ka nemi takardar shaidar gwaji kafin ka biya. Ku fita da sassafe ranar Asabar ko tsakiyar mako, ka duba sharaɗin biza na fasfonku da sana'ar da ke kan iƙamarka a shafin gwamnatinsu tun kana gida, kuma kowa a motar har jariri sai da khuruj wa auda ɗinsa, wato bizar fita da dawowa, a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya.